Labarin Da Mai Shi Ya Bari A Kashi Na Biyu

Na san kun saba duk lokacin da kuka gan ni a wannan fili, to ko dai ci gaban labari na kawo muku, ko kuwa amsar saƙonninku. To yau kam sai ku yi mini uzuri, domin zan ɗan ratse hanya in kai ku wani wuri mai nisa, inda babu Alhaji babu Hajiya, babu kishiya balle uwar miji, sai duhu da taurari da jiragen yaƙi. Wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? To ka dai biyo ni sannu a hankali, ya kai mai karatu, za ka ga mahaɗar.

Tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce: idan mai labari ya kai labarinsa kashi na biyu, ya tsaya a daidai inda hankalin kowa ya tashi, sannan ya ajiye alƙalami bai sake waiwayowa ba, shi ke nan labarin ya mutu? Amsar da na samu ba a wurin marubuta 'yan uwana na same ta ba, a wurin masoyan wani wasan kwamfuta na same ta, mai suna FreeSpace 2.

Bari in fara gaya maka ko mene ne shi. Wani kamfani ne a jihar Ilinoi ta Amurka mai suna Volition ya ƙera shi, kamfanin Interplay kuma ya fitar da shi kasuwa. Kashi na farko ya fito a 1998, na biyu kuma a ƙarshen 1999. A cikin wasan kai matuƙin ƙaramin jirgin yaƙi ne a sararin samaniya, ba ka da suna, ba a taɓa jin muryarka, lambar da ake kiranka da ita kawai ita ce Alfa 1. Kana zaune a gaban kwamfuta da sandar tuƙi ko linzami, abin da matuƙi zai gani shi kake gani. Wutar jirginka kuwa ƙayyadaddiya ce, kai za ka raba ta gida uku: bindigogi, garkuwa da inji. In ka ƙara wa inji don ka yi gudu, garkuwarka ta yi rauni. In ka ƙara wa garkuwa, bindiga ta yi sanyi. Ita kanta garkuwar kusurwa huɗu gare ta, gaba da baya da hagu da dama, sai ka riƙa karkata ƙarfinta zuwa inda ake dukanka. Ga kuma abokan tafiya da kake ba umarni, wannan ya rufa maka baya, wancan ya kai hari. Wasa ne da ke son nutsuwa, ba na danne-danne kawai ba.

Labarin kuwa ga yadda yake a taƙaice. A shekara ta 2335, 'yan Adam sun shekara 14 suna gwabzawa da wasu halittu da ake kira Basudawa, sai kwatsam ga wasu na uku sun ɓullo, Shibawa, waɗanda ba sa magana, ba sa sulhu, ba a kuma san abin da suke so ba. Dole abokan gaban jiya suka haɗa kai. An samu an tarwatsa babban jirgin Shibawa mai suna Lusifa, amma fashewarsa ta toshe hanyar da ake bi zuwa duniyarmu, sai ya zamana waɗanda suka ceci gida ba su da halin komawa gida. Kashi na biyu ya ɗauko labarin bayan shekara 32. Wani hafsan soja, Admiral Aken Bosh, ya yi tawaye, alhali a ɓoye ƙoƙarinsa shi ne ya yi magana da Shibawa. An shekara 20 ana gina wani ƙaton jirgi mai tsawon kilomita 6, Kolosus, da tunanin shi ne maganin Shibawa, amma da suka dawo sai ga su da manyan jirage irin wanda ake kira Satanas fiye da 80. Suka kewaye tauraron Kafela, suka sa ya fashe. Bosh ya shiga jirgin Shibawa an tafi da shi. Ina aka kai shi? Me ya sa suka fasa tauraron? Za a koma gida kuwa? A nan wasan ya ƙare, babu amsa ko ɗaya.

Duk wanda ya taɓa sayen littafi na ɗaya da na biyu, ya karanta har inda aka rubuta a nemi na uku, to ya san irin wannan ƙishirwa. Sai dai na ukun bai taɓa fitowa ba. Masu sharhi sun yabi wasan ƙwarai da gaske, amma bai yi kasuwa ba. A shekara ta 2000 kamfanin THQ ya saye Volition, wato masu ƙira sun koma wani gida, haƙƙin fitar da wasan kuma yana wani gida, ita Interplay ɗin ma ta faɗa matsalar kuɗi. Da THQ ta durƙushe, a 2013 Interplay ta sayi ragowar haƙƙin FreeSpace a kan dala 7,500 kacal. Shi kansa Volition an rufe shi a watan Agusta na 2023. Ka ga ke nan in don ta masu shi ne, da tuni an yi jana'izar wannan labari.

Amma masu shi sun bar ƙofofi biyu a buɗe. Ta farko, tun ranar da aka fitar da wasan, a cikin faifansa akwai wata manhaja mai suna FRED, wadda da ita ce su kansu ma'aikatan kamfanin suka tsara yaƙe-yaƙen da ke ciki. Wato kamar marubuci ya sayar maka da littafi, ya haɗa maka da alƙalaminsa da sauran farar takarda. Ta biyu, a watan Afrilu na 2002 Volition ya saki asalin rubutun da aka gina injin wasan da shi, kowa ya ɗauka ya gyara, da sharaɗin kada a yi kasuwanci da shi. Masu ilimin kwamfuta daga ƙasashe daban-daban suka ɗauka suka yi ta gyara da ƙari, suka sa masa suna FreeSpace Open, har ya zamana wasan 1999 yana tafiya lafiya lau a kan kwamfutocin zamani, da hoto mai kyau fiye da na asali nesa ba kusa ba. Ba wanda ke biyan su ko sisi.

To yanzu bari mu zo kan abin da ya fi jan hankalina, wato su waɗannan yaƙe-yaƙe da masoya ke tsarawa da kansu. Kowane babi na wasan zan kira shi aike, domin haka yake, kwamanda ne ke aikenka. Aike ɗaya yakan ɗauki kamar minti goma zuwa ashirin, kuma sassa uku gare shi. Da farko akwai bayanin shiri, inda ake nuna maka taswira a gaya maka abin da ake so ka yi. Sai fagen fama. Sai kuma bayanin dawowa, inda kwamanda zai yaba maka ko ya wanke ka tas, gwargwadon abin da ka aikata. In aka jera aike da yawa suna bin juna da labari guda, shi ne silsila, kamar dai yadda babi-babi ke haɗuwa su zama littafi.

In ka buɗe FRED, fili za ka gani fetal mai layi-layi. Sai ka ajiye jirage, ka ba kowanne suna da makami da ɓangaren da yake. Amma wannan duk shimfiɗa ce. Ainihin aikin yana wurin rubuta sharuɗɗa, kuma duk ginin a kan kalma ɗaya yake, wato idan. Idan jirgi kaza ya tarwatse, bayan daƙiƙa 5 jirage huɗu na abokan gaba su ɓullo ta baya. Idan lafiyar jirgin dakon kaya ta sauka ƙasa da rabi, matuƙinsa ya aiko da saƙon neman agaji. Idan aka cika minti 8 kuma wane yana raye, a buɗe hanyar gudu. Haka za ka yi ta saƙa su, wani sharaɗi yana rataye da wani, har labari ya tashi da ƙafarsa.

Ni dai na fara ganin wannan wasa ne wajen 2003, lokacin ina kai rubutuna na hannu wani shagon buga takardu a mayar mini da shi na kwamfuta. Akwai wata tsohuwar kwamfuta ta hannu a lungun shagon, wadda duk wanda ya sayar da ita bai goge abin da ke cikinta ba, sai yaron shagon ya riƙa buɗe wasan in aiki ya lafa. Ni kuwa da ma tun ina makarantar sakandare na karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, sha'awar labarin sararin samaniya ta zauna mini a rai, don haka sai na mayar da jiran aikina lokacin koyon tuƙi. Turancina na sakandare ne, da ƙamus a gefe nake bin bayanin kwamanda. Daga baya hidimar iyali ta raba ni da shi shekara da shekaru, sai a 'yan shekarun nan da na samu kwamfutar tafi-da-gidanka na sake nemansa. Na tarar ana sayar da na asalin a kantunan intanet irin su GOG da Steam, sannan akwai wata manhaja kyauta mai suna Knossos wadda ke jero maka silsilolin da masoya suka yi, ka zaɓa ka sauke. Da na ga yawansu sai da na riƙe baki.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan ayyuka na mutum ɗaya ne, wato kai kaɗai za ka buga, ba da wani ɗan Adam kake karawa ba. Wasan yana da ɓangaren da mutane ke haɗuwa ta intanet su fafata, amma ba can ƙarfin masoyan ya fi karkata ba. Ni a ganina dalilin a fili yake. In mutum goma suka haɗu a fage, hira da gasa ce ke riƙe su, ko babu labari za su ji daɗi. Amma mutum ɗaya a ɗaki cikin dare, ba abin da zai riƙe shi sai abin da mai tsarawa ya tanadar masa. Duk muryar da zai ji a rediyon jirgi wani ne ya zauna ya rubuta ta, duk shirun da zai tsorata shi wani ne ya auna tsawonsa. Wannan kuwa ita ce sana'ata, domin mai karanta littafi ma shi kaɗai ne, daga shi sai takarda.

Sai dai akwai inda nasu ya fi namu wuya. Ni in na ce jarumina ya shiga gida da magariba, to ya shiga, ba shi da ta cewa. Shi kuwa mai tsara aike, jaruminsa mutum ne mai rai wanda bai taɓa gani ba, kuma ba ya jin magana. Ka tsara cewa wani jirgin abokan gaba zai yi jawabi a minti na shida, jawabin da duk labarin ya dogara a kansa, sai ɗan wasa mai zafin hannu ya tarwatsa shi a minti na biyu. Ko ka tsara cewa aike zai ƙare ne in wani jirgi ya isa mashiga, sai ɗan wasa ya harbe masa inji, jirgin ya tsaya cak, aike ya ƙi ƙarewa har abada. Don haka dole mai tsarawa ya riƙa tambayar kansa, in ya yi kaza fa? In ya ƙi yin kaza fa? Akwai ma wani umarni a FRED da ke ɗaure ran jirgi, komai dukan da aka yi masa lafiyarsa ba za ta sauka ƙasa da kashi 1 cikin 100 ba, har sai ya gama aikin da labari ke buƙata a sake shi. Da na ga wannan sai na yi dariya, na tuna yadda mukan bar mugun labari yana tsallake rijiya da baya har sai babi na ƙarshe.

Akwai kuma wata cuta da masoyan wasan suka raɗa wa suna cutar yaƙin Endo, daga babban yaƙin nan na fim ɗin Star Wars na 1983. Ita ce cutar sabon shiga: da ya ga yana da ikon ajiye jirgi ko nawa ne, sai ya cika fili da manyan jirage ashirin suna ta ɓarin wuta, abin gwanin ban sha'awa a ido, amma shi ɗan wasan ya zama ɗan kallo, ko ya yi harbi ko ya tafi shan ruwa sakamakon ɗaya ne. Kishiyarta kuma ita ce a mayar da Alfa 1 wani sadauki da shi kaɗai zai kashe rundunar duniya. Duk mai karanta littattafanmu na yaƙi ya san wannan ta biyun, inda jarumi zai zare takobi ya sare dakaru dubu kafin azahar, mai karatu kuma ya hamma domin ya san ba abin da zai same shi. Gwanayen tsara aike tsakiya suke bi. Sukan bar manyan jirage su yi faɗansu na manya, kai kuma a ba ka ƙaramin aiki wanda in ka gaza shi komai ya rushe: ka harbe bama-baman da ke tunkarar jirginku kafin su isa, ko ka lalata babbar bindiga guda ɗaya da ke gaban jirgin abokan gaba kafin ta gama caji.

Masu iya magana suka ce gani ya kori ji, don haka ni ma na zauna na gwada nawa. Na ɗauko ranar da ake kwashe mutane daga Kafela. Jiragen dakon fasinja uku, kai da abokanka uku za ku raka su mashiga cikin minti 12. Duk saƙonnin rediyo da Hausa na rubuta su, na sa wa jiragen suna Amana da Zumunci da Haƙuri. A minti na huɗu injin Haƙuri zai samu matsala ya fara ja da baya, har tazarar kilomita huɗu ta shiga tsakaninsa da sauran. A minti na bakwai jiragen jefa bam na Shibawa za su ɓullo gida biyu, wasu kan na gaba, wasu kan na baya. Kwamanda ba zai ce maka komai ba. Matuƙiyar Haƙuri kuma ba za ta yi kuka ko roƙo ba, adadin mutanen da ke cikin jirginta kawai za ta faɗa, sau ɗaya, ta yi shiru. Sannan na rubuta bayanin dawowa iri huɗu, na wanda ya ceci uku, da biyu, da ɗaya, da wanda ya dawo hannu rabbana. Mako uku na yi a kan wannan minti 12, ina yi ina satar lokacin da akwai wuta.

Babban ɗana, mai shekara 15, shi na fara ba ya buga. Na zauna a bayansa ban ce uffan ba. Da bama-bamai suka ɓullo ya ɗan yi jim, sai ya zaɓi jirage biyun gaba, ya tsare su har suka shige. Haƙuri ya tarwatse a bayansa. Bayanin dawowa ya fito, kwamanda ya yaba masa cewa ya yi abin da lissafi ya nuna, sannan a layin ƙarshe ya maimaita adadin nan da matuƙiyar ta faɗa. Yaron ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar, can ya juyo ya ce, "Abba, da ma ana iya ceton su duka?"

Na ce, "Ana iyawa. Sai dai ka tura abokanka uku gaba, kai ka tsaya a baya kai kaɗai."

Ya ce, "To ai kashe ni za su yi."

Na ce, "Wataƙila."

Bai ƙara magana ba ya sake farawa. Sau biyar ana harbo shi, a na shida ya shigar da su ukun. Na shekara fiye da ashirin ina rubutu, amma ban taɓa zama na ga labarina yana aiki a fuskar mutum ƙuru-ƙuru kamar wannan dare ba. Kuma ka lura, cikin bayanin dawowa huɗun nan biyu kawai ya gani, sauran biyun suna nan a kwance, mai yiwuwa ba wanda zai taɓa karanta su. Haka aikin yake, dole ka rubuta su da kyau ko da ba za a gani ba, domin ba ka san hanyar da baƙonka zai biyo ba.

Nawa wasan yara ne in aka kwatanta da abin da gwanaye suka yi. Akwai Derelict, ɗaya daga cikin dogayen silsiloli na farko-farko, da Transcend wanda ya juya wasan yaƙi ya koma labarin ban tsoro. Akwai Silent Threat: Reborn, inda masoya suka ɗauki wani ƙarin babi da kamfanin ya fitar wa kashi na farko, wanda bai gamsar da su ba, suka sake rubuta shi daga tushe. Sai kuma Blue Planet, wanda kashinsa na farko, Age of Aquarius, ya fito a 2007, ya ɗauko labarin shekara 18 bayan fashewar Kafela, lokacin da aka samu hanyar komawa gida. Kashi na biyu, War in Heaven, ya fito a 2010, kuma a nan ne suka yi abin da ya girgiza ni: komawa gidan ta zama yaƙi tsakanin 'yan gida da masu dawowa, aka sa ka a jirgin wata matuƙiya 'yar duniyarmu mai suna Noemi Laporte, kana harbin rundunar da ka yi wa bauta a wasan asali. Ɗaya daga cikin marubutansa, Seth Dickinson, daga baya ya zama marubucin littafi sosai, littafinsa The Traitor Baru Cormorant ya fito a 2015. Wasu kuma injin kawai suka ɗauka suka gina wasu duniyoyi a kansa, kamar Diaspora da Wing Commander Saga, waɗanda duka suka fito a 2012 kyauta.

Kada in yi maka daɗin baki, ba duka ne masu kyau ba. Akwai tarkace da yawa, akwai masu kurakuran da ke hana a gama su, akwai kuma waɗanda aka yi ta shela da hotuna shekara da shekaru amma ba su taɓa fitowa ba. Ko a nan ma kamar kasuwarmu ce, inda littafi mai ma'ana ɗaya ke kwance cikin goma na shirme. Amma da babu tarkacen da ba a samu gwanayen ba, domin kowane gwani da tarkace ya fara.

To ina wannan duka ya shafe ni? Ga inda ya shafe ni. Ina da littafi da na ɗaya da na biyunsa suka fito, na ukun kuma yana cikin akwati rabi a rubuce, tun lokacin da kasuwar littafin takarda ta fara ja da baya, kuɗin takarda ya hau, masu karatu suka koma waya, wanda yake ɗaukar nauyin bugawa kuma ya ce ba zai iya zuba kuɗinsa ba. Har yau nakan haɗu da matan da suka karanta shi suna 'yan mata, yanzu suna da 'ya'ya a sakandare, su ce, Malam, wai yaya aka ƙare ne? Sai in yi murmushi in ce yana nan tafe. Alƙawari kuwa kaya ne.

Na san abin da wani ɗan uwa marubuci zai ce, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce waɗancan mutane suna da aikin da ke ciyar da su, suna da wutar da ba ta ɗaukewa, tsara aike hutu ne a wurinsu, mu kuwa da alƙalamin muke sayen masara. Haka ne, kuma ba zan taɓa ce wa marubuci ya yi aikin banza ba, mai guminsa ya ci guminsa. Wanda ya samu hanyar sayar da labarinsa ta waya, Allah Ya ƙara buɗi. Abin da nake faɗi ya fi wannan ƙanƙanta. Ranar da kasuwa ta juya wa FreeSpace 2 baya, an ɗauka ba mai son sa ne, alhali masu son sa suna nan, yawansu ne bai kai ya cika aljihun kamfani ba. Fiye da shekara 25 ke nan, kamfanin da ya ƙera shi ya rufe, su kuwa ba su daina rubuta masa sababbin babi ba. Ashe lissafin ɗan kasuwa daban, lissafin mai jiran ƙarshen labari daban, ni kuma da na biyun na yi alƙawari.

Don haka ga abin da na yanke. Na ɗauko na ukun daga akwati, na kuma ba kaina shafi biyu kullum bayan asuba, kafin hayaniyar gida ta tashi. In ya kammala a nan za ku fara ganinsa babi-babi, ko an samu mai bugawa ko ba a samu ba. Sannan na ɗauki darasi na biyu daga mutanen Volition, wato barin ƙofa a buɗe. Duk matashin da ya karanta na ɗaya da na biyu, yake ganin yana da tasa hanyar da labarin ya kamata ya bi, to na ba shi izini ya rubuta, da sharaɗi biyu kawai: ya faɗi inda ya samo tushen, kuma kada ya sayar. Ina so in ga inda za ku kai mutanen nan da na ƙirƙira, domin na tabbata wani zai hango abin da ni ban hango ba.

Wanda kuma yake da kwamfuta yana son ya gwada wasan, shawarata ita ce ya fara da na asalin tukuna, a mataki mai sauƙi cikin matakai biyar da ke akwai, ya bi labarin har Kafela, domin sai ya ji irin ƙishirwar da aka bar mutane da ita sannan zai gane abin da ya sa suka haƙa tasu rijiyar. Bayan nan sai ya buɗe FRED ya ajiye jirgi biyu kawai, nasa da na abokin gaba, ya rubuta idan ɗinsa na farko.

Mu kwana nan. Sai mun haɗu a babi na gaba, in Allah Ya kai mu.